Yadda ake noman naman kaza a kan karan shinkafa

Naman kaza ba ya buƙatar gona, ba ya buƙatar rana. Abincinsa busasshen kara ne. Wanda ya fi sauƙi ga mai farawa shi ne jinsin Pleurotus, mai faɗin hula kamar faifai, musamman Pleurotus pulmonarius da ke jure ɗumi.

A fara da lokaci. Damina ce ta fi dacewa a Arewa, saboda iska na da laima. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, asarar iri kawai za a yi. Ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa ya fi na kwano nesa ba kusa ba.

A samu karan shinkafa busasshe, wanda ruwa bai taɓa duka ya yi baƙi ba. A daddatsa shi tsawon ɗan yatsa, a zuba a buhu, a nutsa cikin durom na ruwan zafi mai digiri 65 zuwa 80, awa ɗaya zuwa biyu. Kada a bari ya tafasa. Tafasawa na kashe har ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tare wa fumfuna hanya, sai ta samu fili ita kaɗai.

A tsame, a baza a kan leda mai tsabta ya tsane ya huce. Nan ne akasari ake kuskure. A damƙi karan a matse da ƙarfi: ɗigo ɗaya ko biyu ake so. In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, da saura. Kara mai ruwa da yawa tsami yake yi, ya yi wari. In kuma da sauran zafinsa sama da digiri 30, zai iya kashe irin.

Shi irin naman kaza ƙwayar dawa ce ko alkama da farin zaren naman kazan ya lulluɓe, ana saye a kwalba ko leda. Wanda ke da tabon kore ko warin tsami, a bar wa mai shi. A wanke hannu da sabulu, a goge da sifirit, sannan a cakuɗa gram 250 na iri da kilo 5 na jiƙaƙƙen kara. A cusa a farar leda, a danna sosai, a ɗaure baki, a huda ƙananan ramuka domin numfashi.

A ajiye a wuri mai duhu, digiri 24 zuwa 28, ba tare da ban ruwa ba. Cikin mako biyu zuwa uku ledar za ta yi fari fat. Wadda ta yi kore, fumfunar Trichoderma ce ta riga shi. A fitar da ita waje ba tare da an buɗe ba, domin ƙurarta na bin iska.

Da ta yi fari, a tsaga ledar wuri huɗu ko biyar da reza mai tsabta. Yanzu naman kazan yana son haske kaɗan, iska, da laima mai yawa. A zuba yashi a ƙasa a jiƙa, a rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a bango, a riƙa feshin ruwa sau uku ko huɗu a yini. A sa raga a taga saboda ƙananan ƙudaje. In ya fito da dogon wuya da ƙaramar hula, iska ce ta yi masa kaɗan, a buɗe taga. In ƙananan suka bushe suka yi ruwan ƙasa, laima ce babu, abin da hunturu ke yawan jawowa.

Kwana huɗu zuwa biyar bayan ya tsiro, kafin bakin hular ya miƙe ya juya sama, a murɗe cunkuson gaba ɗaya a cire, kada a bar guntun da zai ruɓe. Leda ɗaya kan ba da girbi biyu zuwa uku, da tazarar mako ɗaya ko biyu. Ɗanye ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu a zafi, don haka abin da ba a sayar ba a yayyaga a shanya a rana.