Yadda malamin firamare zai koya wa yara kare jikinsu

Kafin a shiga aji, a fara da iyaye. Hedimasta ya kira taron iyaye da malamai, a gayyato limami ko fasto, a karanta musu abin da za a koyar dalla-dalla. Kada a kira darasin "ilimin jima'i". Sunan kaɗai ya isa ya watsa taro, kuma ko a 2022 sai da ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya ba da umarnin cire shi daga manhaja. A ce tarbiyya da kare kai, don abin da za a koyar ke nan. Iyaye Musulmi ma sun san tushensa: aya ta 58 a Suratun Nur ta koya wa yara neman izinin shiga ɗaki a lokuta uku, ga kuma hadisin raba musu shimfiɗa a shekara 10.

Daga aji 1 zuwa 3, minti 15 a mako ya wadatar. Ka'ida guda za a yi ta nanatawa: duk inda wando da shimi suka rufe, ba mai taɓawa, ba mai kallo, sai uwa wajen wanka ko likita a gaban iyaye. Sai matakai uku da yara za su rera har su haddace: ka ce a'a, ka gudu, ka faɗa. Kowane yaro ya ɗaga hannu ya lissafa manya biyar da zai iya faɗa wa, yatsa ɗaya mutum ɗaya, kuma a tabbatar akwai na wajen gida a ciki.

A nan ake yawan kuskure. Malami sai ya ce "ku guji baƙo", alhali galibin masu lalata da yara sanannu ne: maƙwabci, mai shago, ɗan'uwa, wani lokacin ma malami. Yaron da aka tsoratar da baƙo kaɗai ba zai ga laifin kawun da ke ba shi alawa yana cewa "kar ka gaya wa Umma" ba. Don haka a koya musu cewa duk sirrin da babba ya haɗa da kyauta ko barazana, faɗarsa ake yi. A ja kunnen masu zuwa talla musamman: ciniki a ƙofar gida, ba a cikin ɗaki ko soro ba.

Daga aji 4 zuwa 6 sai zancen balaga, tunda tana iya fara wa 'yan mata tun shekara 8, maza kuma 9. A raba aji, malama da mata, malami da maza. A nuna audugar mata a zahiri, yadda ake sa ta, da canza ta bayan awa 4 zuwa 6. A ajiye kwali mai ƙaramar kafa don jefa tambaya ba suna. Kunya takan hana ɗaga hannu.

Darasin da ya shiga yakan sa wani yaro ya biyo malami bayan an tashi. Idan ya fara magana, a saurara ba tare da salati ko zare ido ba, domin da ya ga fuska ta canza zai haɗiye sauran. Kada a ce "me ya kai ki?", kada a cusa masa suna a baki. "Sai me ya faru?" ta isa. A ce masa ya kyauta da ya faɗa, laifin ba nasa ba ne, amma kada a yi alkawarin rufe zancen. A rubuta kalmominsa yadda ya furta su, da rana da lokaci, a kai wa hedimasta a ranar, ban da zaman hirar ofishin malamai.

Idan abin bai daɗe da faruwa ba, asibiti ne farko, kafin wanka ko wanke tufafi, saboda shaida. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe: a Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama. In wanda ake zargi ɗan gidan ne, a sanar da 'yan sanda ko ofishin jin daɗin jama'a kafin a mayar da yaron gida.