Masu neman aiki a Upwork da Fiverr, ga shawara

'Yan uwa, a waɗannan dandalin na intanet, inda masu ba da aiki ke ɗaukar mutane su yi musu aiki daga nesa, da 'yan Indiya da Pakistan kuke gogayya, kuma karya farashi ba zai fisshe ku ba, kullum akwai wanda zai yi ƙasa da ku. Ku kama fanni ɗaya ku ƙware. In Hausarku da Turancinku sun nuna, fassara fage ne da Ba'indiye ba zai iya shiga ba. Ku ajiye samfurin aikinku a shafinku, mai ba da aiki shi yake dubawa kafin takardar shaida.

Sai batun bambancin lokaci tsakaninku da mai ba da aiki. Ƙarfe 9 na safe a New York ƙarfe 2 ne ko 3 na rana a Kano. Kwamfuta ta sha caji, waya da data, don saƙon da ya kwana ba amsa, wani ya ɗauke aikin.