Yadda Ake Neman Burbushin Halittun Teku a Duwatsun Sakkwato

Wanda ya tsaya a Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, da tsakar rani, da wuya ya yarda cewa teku ya taɓa shafe wurin. Amma farin dutsen da ake haƙa a can domin yin siminti ya samu ne daga ɓawon halittun ruwa da suka taru a ƙarƙashin wani teku mara zurfi, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. A yankin Goronyo kuwa, cikin duwatsun da suka girmi waɗannan, an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, wanda masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972.

Lokacin fita nema shi ne kaka, bayan ruwan damina ya zaizaye ƙasa ya fito da abin da ke binne. Kafin ka taka gonar kowa, ka gaida mai gari, ka nemi izinin mai gona, ka kuma tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro.

Ka nufi kwazazzabai da gindin tuddai irin na wajen Dange da Wurno, inda ake ganin dutse a jere, shimfiɗa kan shimfiɗa. Da ido ake fara aikin, guduma sai daga baya. Ka sunkuya ka bi ƙasa sannu a hankali, domin haƙorin kifin shak sau da yawa bai kai farcen yatsa ba, ƙyallinsa da tsininsa ne suke bambanta shi da tsakuwa. Za ka iya cin karo da dutse mai murɗin katantanwa, ko wani ɗan dunƙule mai zanen fure mai kunne biyar a bayansa, wanda gawar wata halittar teku ce mai ƙaya. Idan za ka ɗaga dutse, ka juya shi da sanda saboda kunama.

A ganina, abin da ya fi tsintuwar kanta muhimmanci shi ne rubuta inda aka same ta. Ka ɗauki hotonta tana kwance a mazauninta, ka ajiye biro a gefe domin a gane girmanta, sannan ka rubuta sunan ƙauyen da ranar. Ka naɗe kowace ɗaya daban a takarda, ka share ƙurarta da busasshen buroshi, domin ruwa yana farfasa wadda ta fito daga laka.

Idan ƙashi babba ka gani a maƙale cikin dutse, kada ka ɓamɓare shi da kanka. Ka bar shi yadda yake, ka kai hoton ga malaman sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.