Idan tsofaffi biyu na ɗaki ɗaya, ga yadda za a hana su cutar da juna

Mu nan Sakkwato kai tsoho gidan tsofaffi ba ɗabi'armu ba ce, amma ko gidan gajiyayyu ne ko cikin gida inda aka haɗa kaka da ƙanwarta, ko kishiyoyi biyu da maigida ya rasu ya bari, rigimar iri ɗaya ce kuma kunya ke sa a yi shiru.

Fara lura da lokacin da faɗan ke tashi. Mai gigin tsufa daga la'asar zuwa magariba ne kansa ya fi rikicewa, to lokacin nan kar a bar su su kaɗai, a kunna fitila tun duhu bai yi ba, a rage ƙarar rediyo. Sannan kowa da kayansa, buta, darduma, gwangwanin goro har kofin shayi. Ni da idona na ga Inna ta ɗaga sanda kan buta tana faɗin "wagga tawa ta!" alhali tata na bayan ƙofa, sai da muka sayo ja da shuɗiya muka ɗaura wa tata tsumma a hannu sannan aka samu lafiya. Sandar ma da dare a ajiye ta nesa da gado, amma wani ya kwana kusa saboda fita bayi.

In faɗa ya kaure kar ka tsaya shari'ar wa ke da gaskiya, wallahi ɓata lokaci ne. Ka ce "Inna taho ki sha iska" ka fita da ɗaya.

Wadda ba ta magana ita za ku fi sa wa ido. Wajen wanka a duba damtse da baya ko akwai tabo ko yakushi, in ta fara ƙin shiga ɗaki ko tana ramewa kuma kwanonta kullum wayam, ƙila ɗayar ce ke cinye mata tuwo. A raba musu ɗaki, in babu hali ko labule ne a sa.

Tsohon da ba ya faɗa ya wayi gari da duka da zagi, don Allah kar a ce mayya ko aljanu. Ciwon fitsari, rashin bahaya, ciwon haƙori, ko ƙarancin ruwa a jiki musamman zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, duk suna birkita tsoho. A kai shi UDUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, a tafi da duk magungunan da yake sha a leda likita ya gani.