Yadda ake zaɓen littattafan Star Wars da ire-irensu a Legas ba tare da an yi asarar kuɗi ba

Mu da muka tashi da karatun littattafan Hausa mun saba labari ya fara fitowa a takarda, daga baya 'yan fim na Kano su mayar da shi fim. A wajen Turawa akwai sana'ar da ke tafiya a juye: fim, shirin talabijin, ko wasan kwamfuta ko na tebur na ƙagaggen labarin kimiyya ya yi kasuwa, sai kamfani ya ɗauko marubuta su yi ta ƙera littattafai a cikin duniyarsa. Star Wars, Star Trek, Halo, Warhammer 40,000, duk sun haifi irin waɗannan 'ya'ya, ɗaruruwa. Yawancinsu dusa ce, tsabar kaɗan ce. Na daɗe ina sayensu wajen masu baza gwanjon littattafai a Ojuelegba da Yaba, ina cinye su a cikin BRT tsakanin Mile 12 da CMS, kuma ga yadda nake tankaɗe su.

Mataki na farko, gane wane iri ne a hannunka. Akwai wanda fim ɗin aka juye a takarda, akwai wanda sabon labari ne da ba a taɓa haskawa ba. Na farkon, idan ka kalli fim ɗin, ka bar wa mai shi kayansa. Ɗaya kawai nake cirewa: Revenge of the Sith na Matthew Stover, na 2005. Ya shiga cikin ƙwaƙwalwar Anakin, jarumin fim ɗin da ya rikiɗe ya zama mugu Darth Vader, ya nuna yadda tsoro ya ci shi, abin da fim ɗin ya bi ta kansa a guje.

Mataki na biyu shi ne ƙashin bayan maganar. Rufe tambarin fim ɗin da tafin hannunka, ka karanta sunan marubucin. Tambari iri ɗaya ne a kan mai kyau da lalatacce, kamar buhun shinkafar da aka sake cikawa. Idan ka ga Timothy Zahn, kada ka bari mai sayarwa ya ga haƙoranka, amma kada ka bar wajen ba da shi ba. Littafinsa Heir to the Empire ya fito a 1991, lokacin da aka yi shekara 8 ba a yi sabon babban fim na Star Wars ba, kuma ya hau saman jerin littattafan da suka fi ciniki na jaridar New York Times. A cikinsa aka fara haɗuwa da Thrawn, kwamandan yaƙi mai shuɗiyar fata da jajayen idanu, wanda ke nazarin zane-zanen al'umma don ya gano ta inda zai karya ta. Mugu ne mai lissafi, ba mai ihu da muzurai ba.

A Warhammer nemi Dan Abnett, ka fara da Horus Rising na 2006. A Halo, The Fall of Reach na Eric Nylund, 2001. A Star Trek kuwa, The Final Reflection na John M. Ford, 1984, wanda ya ba da labari daga bakin Klingon, wato maƙiya. Akwai kuma A Stitch in Time na shekarar 2000, wanda Andrew Robinson, ɗan wasan da ya fito a matsayin Garak a shirin talabijin na Star Trek, ya rubuta da kansa. In ka tsince shi a gwanjo, ka yi sadaka.

Amma suna ma yana yaudara. Littafin Star Wars na farko, na 1976, sunan George Lucas, wanda ya ƙirƙiro fim ɗin, ne a bango, alhali Alan Dean Foster ne ya rubuta.

Mataki na uku, duba saman bangon. A 2012 Disney ta sayi Lucasfilm, kamfanin da ke da Star Wars, a 2014 kuma aka sanar cewa tsofaffin littattafan ba sa cikin labarin da sababbin finafinai za su bi. Sai aka riƙa buga musu wani zare ruwan zinare a sama mai ɗauke da kalmar Legends. Bambancin ba ƙarami ba ne: a tsofaffin, jaruman fim ɗin Han da Leia 'ya'ya uku suka haifa, a sababbin finafinai ɗa ɗaya. Tsohon bugu ba shi da zaren, kuma shi ya fi yawa a gwanjo, don haka buɗe shafin ciki ka duba shekarar da aka fara buga shi.

A kan wannan ne muke raba dare a teburin mai shayi a Agege. Wani abokina mai gyaran waya a Computer Village ya rantse duk abin da aka sa wa zaren nan ya mutu, ba zai ɓata idonsa ba. Na ce masa, “Malam, to wanda ba a sa wa zaren ba a gaban idonka ya faru?” Mai shayi ma sai da ya ajiye kofi ya dara. Ni a wajena zaren amfaninsa ɗaya, kada ka cakuɗa labari biyu ka ruɗe. Ba ya auna daɗi.

Mataki na huɗu, tabbatar littafin shi ne na ɗaya a jerinsa. Mun san zafin “mu haɗu a littafi na biyu”, to a nan ya fi muni. Na taɓa ɗaukar Dark Force Rising na 1992 cikin murna, sai da motarmu ta kai Maryland na gane na tsakiya ne cikin uku. Wata shida ina neman na farkon. Jerin Horus Heresy na Warhammer, wanda Horus Rising ya buɗe, kuwa littafi 54 ne kafin ma a shiga kashi na ƙarshe, saboda haka ka san ramin da za ka faɗa.

Mataki na biyar, bincika littafin kamar mai sayen akuya. Fara da shafin ƙarshe, domin nan ne yake yagewa. Shinshina shi: damshin Legas yana sa takarda warin fumfuna, kuma ba ya fita. Lanƙwasa gadon bayansa a hankali, in gam ɗin ya yi ƙara, kafin sati shafukan za su watse maka a danfo. In rubutun ya yi dishi-dishi ko ya karkace, bugun sata ne. Wajen ciniki, haɗa uku ko huɗu ka taya gaba ɗaya, ka sa wanda kake so a ƙasa.

Saura ra'ayin masoya, wanda shi ma sai an iya tambaya. Kada ka ce “wanne ya fi kyau?” Wanda ya karanta hamsin zai lissafa maka hamsin, don ba ya so a ce ya ɓata lokacinsa. Ka ce masa, “Wanne za ka ba wanda bai taɓa kallon fim ɗin ba?” Nan take dogon jerin yake komawa biyu ko uku. Da wannan tambayar na samo Lost Stars na Claudia Gray, 2015, labarin masoya biyu da yaƙi ya jefa a ɓangarori biyu. Ƙanwata da ba ta san ko wane ne Darth Vader ba ta karance shi a kwana uku, kuma har yau bai dawo ba. Ka kuma tambaye shi wanne ya kasa gamawa. A wannan ba a cika yin ƙarya ba.

In ka ci karo da tarin gajerun labarai mai suna From a Certain Point of View na 2017, duba jerin marubutan. Akwai Nnedi Okorafor, 'yar asalin Najeriya, mai littafin Lagoon na 2014 wanda baƙin sararin samaniya suka sauka a tekun Legas. A tarin nan ta ɗauki dodon ramin shara da ya ja jarumi Luke cikin ruwa a fim ɗin Star Wars na farko, ta ba shi suna da tarihi. Ina da kwafi ɗaya, kuma tun abin da ƙanwata ta yi min, sai da jingina nake ba da aronsa.