Abin da za ka yi idan kunnenka ya daina ji farat ɗaya

Idan ka wayi gari kunne ɗaya ya toshe, ka kara waya a kai ba ka jin muryar mai magana, kada ka ɗauka datti ne ka shiga ɗiga mai. Ka rufe baki ka yi gunji: idan sautin ya karkata zuwa lafiyayyen kunnen, wataƙila jijiyar ji ce ta taɓu, sai ka nemi likitan kunne a ranar.

Likitoci sukan ba da prednisolone, wani maganin sitiroid mai rage kumburi, miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki, iyakarsa 60 a rana, ko su yi allurar sitiroid ta fatar dodon kunne. Maganin ya fi aiki cikin makonni 2 na farko, shi ya sa jinkiri yake da illa ƙwarai.

Ka gaya wa likita idan akwai kurumta ko sikila a danginku, domin sikila tana iya toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da cikin kunne. Masu bincike kuma suna nazarin yadda gado yake sa wani ya amfana da sitiroid fiye da wani. Mai ciwon suga ya sanar tun farko, domin maganin yana ɗaga suga.