Inabin Syrah a ƙasa mai tsakuwa: yadda ake samun ruwa mai zaƙi da ɗan tsami

Gonar da masara ta ƙi saboda tsakuwa, irin ta gindin duwatsun Dass da kewayen Bauchi, ita inabi ke so. Syrah baƙin inabi ne mai ƙananan 'ya'ya, asalinsa kwarin kogin Rhône a Faransa, inda ake shuka shi a gangaren dutse. A can giya suke yi da shi. Mu nan ruwansa muke nufi, wanda bai tsimu ba. Tsakuwa ba ta riƙe ruwa, sai saiwa ta nutsa, ganye ya ragu, 'ya'yan su fito ƙanana masu kaurin ɓawo. Launi da ƙamshi kuwa a ɓawon suke.

A haƙa rami santimita 60, a zuba ruɓaɓɓen taki, kada ɗanye, don yana jawo gara. Tazarar layi mita 3, tsakanin itace mita 2, a ɗaura a kan waya.

Babban aikin shi ne datse rassa, sau biyu a shekara. Bayan girbi, wajen Afrilu, a datse har kusa da uwar reshe. A Oktoba, da ruwa ya ɗauke, a sake datsewa a bar ido biyu zuwa uku a kowane reshe. Wannan ne ke ba da 'ya'ya. Dalili: sanyin daren hunturu yana riƙe tsamin inabi, zafin bazara kuwa ƙone shi yake, a tashi da ruwa mai zaƙi zalla kamar na rake. Wanda ya bari ya yi fure da damina, fumfuna za ta cinye ganyen, 'ya'yan su ruɓe.

A rage ban ruwa idan 'ya'ya suka fara baƙi, amma kada a yanke kwatsam sannan a yi masa ambaliya, 'ya'yan fashewa suke. Reshen da ya ɗauki nono uku, a cire ɗaya. A rufe da raga saboda tsuntsaye.

Inabi ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi. A ɗanɗana: idan ƙwallon ya koma ruwan ƙasa, zaƙi ya zo amma tsamin bai tafi ba, a girbe da sassafe.

Don yin ruwan, a cire 'ya'yan daga sandunansu, a murƙushe da hannu, kada ƙwallo ya fashe don yana da ɗaci. A ɗumama a tukunyar sitil, ba ta alminiyom ba, zuwa digiri 60 na minti 30 har launi ya fito. A tace da farin ƙyalle, a sa a firji kwana biyu. Wani abu kamar gishiri zai kwanta a ƙasa, a tsiyaye a bar shi. Sannan a sake ɗorawa zuwa digiri 85, a ɗura da zafinsa a tafasassun kwalabe, a rufe nan take. Kwalbar da ta fara kumfa ko murfinta ya kumbura ta tsimu, a zubar.